Jiran babban baƙo ya kashe mana dashe

Mu a garinmu, can arewacin Daura dab da iyakar Nijar, ba a takarda muka san sauyin yanayi ba. Iskar farkon damina ce ke binne gero tun yana tsiro har sai an sake shuka, mata kuma suna cin tafiyar da iyayensu ba su taɓa yi ba kafin su samo itacen girki. Shi ya sa mu matasa muka yi karo-karo, muka kafa wurin renon itatuwa a bayan rijiyar burtsatse. Tun cikin rani muke cika leda da ƙasa da taki, muna ban ruwa safe da yamma: darbejiya, zogale, bagaruwa da 'yan mangwaro. Wannan duk ya tafi lafiya.

Farkon watan Yuli ruwa ya zauna, ƙasa ta jiƙu, dashe ya isa fita. Sai aka ce a dakata, wai za a gayyato wani babban mutum ya ƙaddamar, in ya gani da idonsa zai kawo tallafi. Na tashi a taro na ce damina ba ta jiran kowa. Aka ce in yi haƙuri, tafiya da manya ita ce tafiya. Aka sa rana aka ɗaga, aka sake sawa aka sake ɗagawa. Agusta, watan da ya fi kowane ruwa a wajenmu, ya wuce a kan idonmu itatuwa na cikin leda.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar da muka zo kwashe su. Saiwa ta riga ta fasa leda ta kama ƙasa. Kana ɗaga dashe sai ka ji ɓas, ta tsinke. Haka muka loda su a amalanke, ganye ya yi yaushi tun kafin mu isa. Baƙo ya zo cikin Satumba. Kuɗin da muka ware don kejin kare dashe daga dabbobi su aka kashe a hayar rumfa da kujeru da lasifika. Ya dasa ɗaya, aka ɗauki hoto, aka sa a Facebook. Ruwa ya ɗan ƙara saukowa, sannan ya ɗauke.

Sauran labarin duk mai gona ya san shi. Itacen da bai kafa saiwa ba ba ya jure hunturu. Aka gama kaka aka saki dabbobi, awaki suka bi layi suna cinye zogale har ƙasa, gara ta gama da abin da ya rage. Kafin bazara, waɗanda suka rayu ba su kai yatsun hannu biyu ba. Tallafin kuwa har yau. Yaran da suka yi ta ɗaukar jarka duk tsawon rani, da wane ido zan sake ce musu su fito?

Ina cikin wannan takaici wani kawuna ya ce in raka shi gona. Ya tsaya a kan wani kututturen kalgo da ya yi toho cunkus, irin wanda muke sarewa mu ƙona duk shekara lokacin sharar gona. Ya ce, "Ɗana, kuna ta wahala da itacen leda, ga wanda Allah ya dasa kuna takawa." Ya zaɓi toho uku mafi ƙarfi da miƙewa, ya sassabe sauran da wuƙa mai kaifi, yana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya sale. Ya ɗaura tsumma a jiki, alamar mai shi na so. Saiwar wannan kututture ta yi shekaru a ƙasa, ta kai inda danshi yake, ba ta buƙatar jarkar kowa.

A wajen dangi a Matameye, cikin Nijar, ya koyo wannan aiki. Can ana kiransa sassabin zamani. A yankin Maraɗi aka fara yaɗa shi tun 1983, ta hannun wani masanin noma ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, tare da manoman wurin, ya kuma samu karɓuwa bayan farin 1984. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya manoman Nijar sun dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Duk wanda ya tsallaka zuwa Magarya ko Matameye ya ga gawo reras a cikin gonaki. Gawo kuwa abokin manomi ne: yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, da rani ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya. Abin yana maƙwabtanmu, mu kuma muna nan muna jiran mota ta kawo baƙo.

Da damina ta zagayo ba mu gayyaci kowa ba. Ruwa na zama muka kira gayya. Keji muka fara tanada kafin dashe, na ƙaya da kara, kuma kowane itace an damƙa shi ga gida guda. Liman ya yi huɗuba a kan hadisin da ke cewa musulmi ba zai dasa itace ba, tsuntsu ko mutum ko dabba ya ci, face ya zama sadaka gare shi. Dattawan da ke yi mana kallon masu wasan yara suka fara tambayar inda za su samu dashe. Mafi yawan na wannan karon sun tsallake rani, kuma ina alfahari da hakan. Tohon da muka bari a gonaki kuwa, sabara da kalgo da aduwa, tuni wasu sun wuce tsayina.

Ga masu shirin irin wannan aiki, kada ku bari wani ya sa muku ranar dashe in ba ruwan sama ba. In biki ya zama dole, a yi shi bayan itace ya shiga ƙasa, kuma kada a taɓa kuɗin keji. Ku shigar da mata da makiyaya tun zaman farko, don su ke cikin daji kullum, su za su ga wanda ya sara.

Saran nan shi ne damuwarmu yanzu. Akwai masu bi da dare suna yanke tohon da aka ɗaura wa tsumma, su kai kasuwa. Ba mugunta ba ce zalla, itacen girki ya yi tsada. Mun kai maganar gaban dagaci, an amince mai gona ya riƙa bai wa mabuƙata rassan da ya sassabe, wanda aka kama ya sare itace daga tushe kuma ya biya tara. Da ranin bana za a fara aiki da wannan doka.