Talanti dubu goma da dinari ɗari

Yesu ba ya ba da misali haka kawai. Sau da yawa tambaya ko gardama ce take jawo shi, shi ya sa ya kamata mai wa'azi ya fara karanta ayoyin da suka gabaci misalin. Dubi Matiyu 18:23-35. Bitrus ne ya tambaya ko yafe wa ɗan'uwa sau bakwai ya isa, sai Yesu ya kawo labarin bawan sarki.

A nan lissafi yake da nauyi, kuma da yawa suna tsallake shi. Dinari ɗaya ladan yini ne na ɗan ƙwadago, kamar yadda Matiyu 20:2 ya nuna. Talanti ɗaya kuwa ya kai dinari 6,000. Sarki yana bin bawan nan talanti 10,000, wato dinari miliyan 60, bashin da ko shekara dubu ɗari ya yi yana aiki ba zai biya ba. Duk da haka ya durƙusa yana cewa zai biya duka! Aka yafe masa. Fitarsa ke da wuya ya shaƙe abokin aikinsa saboda dinari 100, ladan wata uku da 'yan kwanaki.

Kuskuren da aka fi yi shi ne nema wa kowane abu a labarin ma'ana, har matar bawan da 'ya'yansa da aka ce a sayar. Wannan halin fadar sarakunan zamanin ne. Wanda ya mai da shi koyarwa zai jingina wa Allah abin da aya ta 35 ba ta faɗa ba, domin ita maganar yafewa daga zuciya take yi.