Tafiya Tsibiri da Kayak Mai Injin Lantarki

Na daɗe ina hangen wani tsibiri a tsakiyar babban tafkin da nake kamun kifi, amma nisansa ya fi ƙarfin damtsena. Kayak ɗina siririn kwale-kwale ne na roba, mai cin mutum ɗaya, da filafili ake tuƙa shi. Zuwa ba wuya, dawowar ce abin ji, domin da rana ta yi tsaka iska kan juyo ta tari mai komowa gaɓa. Shi ya sa na ɗaura masa ƙaramin injin lantarki, irin wanda ake jan ƙugiya da shi sannu a hankali.

Da sanyin safiya na sauke jirgin a bakin ruwa. Batir na fara ɗorawa, a cikin akwatinsa, dab da bayan kujera, na ɗaure shi tamau. Na litiyum ne, mai bolt 12 da amfiya-awa 100 (awon yawan wutar da yake ajiyewa), nauyinsa bai wuce kilo 12 ba. Na dalma mai wannan awo yakan kusa kilo 30, kuma ba a so a sha fiye da rabin wutarsa. A jirgin da ɗan motsin jiki ke karkata shi, wannan bambanci ba wasa ba ne. Na duba makatsar wuta, mai yanke wuta in ta yi yawa, da na sa kusa da kan batir, na ɗaura igiyar kashe inji a rigar ceto, yadda in na faɗa ruwa jirgi ba zai wuce ya bar ni ba.

Da filafili na fita daga tudun gaɓa, sai da ruwa ya yi zurfi na sauke injin har farfela ta nutse kimanin santimita 30. Idan ta yi sama da yawa iska take sha, ta cika wuri da ƙara. Na murɗa injin a matakin gudu na biyu. Ba hayaƙi, ba warin fetur, sai ɗan gunji ƙasa-ƙasa. A baya na ɗaura injin, na jawo igiyoyi biyu zuwa matakan ƙafa, don haka da ƙafa nake juya shi. Wasu a gefe suke sakawa don hannu ya kai, ni kam ban yarda da hakan ba, saboda turin yakan riƙa jan hancin jirgi gefe guda.

A nan na ga amfanin abin. Hannuwana biyu ba su da aiki sai sandar kamun kifi. Na saki ƙugiya a baya, jirgi na tafiya daidai wa daida, ɗan kifin roba na rawa a ƙarƙashin ruwa ba tsayawa, abin da filafili bai taɓa ba ni ba. Da sandar ta lanƙwashe, na kashe inji nan take, na juya da kaina na jawo kifin, igiya ba ta kusanci farfela ba. Wannan kuwa da muhimmanci, domin zaren da ya naɗe a bayan farfela yana cin robar da ke hana ruwa shiga injin.

Gudu kam kada wanda ya sa rai. Ƙarfin turin injina fam 30 ne, kwatankwacin nauyin kilo 14, in na ƙure shi yakan sha kusan amfiya 30, wato awa uku da 'yan kai batir ya ƙare, gudun kuma bai fi na mai tuƙi da ƙarfinsa ba sosai. Tsawon jikin jirgi ne ke yanke masa iyaka. Na kasa wutar kashi uku: ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya ajiya.

Kusa da tsibirin ciyawar ruwa ta shaƙe farfela, jirgi ya hau karkarwa. Na kashe, na ɗaga injin, na ƙarasa da filafili. A kan yashi na cire wayar batir tukuna, sannan na warware ciyawar da yatsu, kore shar, ta murɗe kamar igiyar guga. Tsibirin duwatsu ne da 'yan bishiyoyi, tsuntsayen ruwa sun mamaye gefen yamma. Na zagaya shi da ƙafa, na huta a inuwa.

Iskar ta zo a lokacinta. Igiyar ruwa na dukan hancin jirgi, feshi na jiƙa ni har ƙirji. Na ƙara inji zuwa mataki na huɗu, na saita hanci cikin iskar, ina taya shi da filafili duk sanda babbar igiya ta taso. Na iso gaɓa kafin la'asar, ma'aunin batir na nuna saura fiye da kashi ɗaya cikin uku. Wani mai kula da tafkin ya zo ya tambayi takardar jirgin, na miƙa masa, domin a wurare da dama da zarar an ɗaura wa kayak inji, ko na lantarki ne, sai an yi masa rajista.