Bin Sawun Caroline a Cikin Takardun Maza

A kwas ɗin dabarun binciken tarihi, malamarmu ta ɗora mana aikin zango guda. Kowa ya zaɓi mutum ɗaya na ƙarni na 19 wanda bai taɓa riƙe sarauta ko muƙami ba, ya bi rayuwarsa ta takardun hukuma da na iyali kaɗai, sai daga baya ya gwada abin da ya tono da abin da aka sani game da mutumin ta wata hanyar. Ni na ɗauki Caroline Ingalls, wata manomiya Ba'amurkiya da aka haifa ranar 12 ga Disamba 1839 a Brookfield, kusa da Milwaukee, ta rasu a 1924 a garin De Smet na Dakota ta Kudu. Na zaɓe ta ne saboda 'yarta, Laura Ingalls Wilder, ta zama shahararriyar marubuciya kuma ta rubuta labarin ƙuruciyarsu, don haka akwai ma'aunin da zan auna takardun da shi. Ga kuma sauƙi: Amurka na sakin takardun ƙidayarta ga jama'a bayan shekara 72, kuma ana iya duba hotunansu kyauta a shafin FamilySearch.

Tun a takardar farko na gane cewa kowace takarda tambayar da aka rubuta ta dominta kawai take amsawa. Lokacin ƙidayar 1840 Caroline jaririya ce, ba ta fi wata shida ba. Daga 1790 har zuwa 1840, mai ƙidaya sunan maigida kaɗai yake rubutawa, sauran mutanen gida kuwa alƙaluma ne a cikin gurabe: maza kaza, mata 'yan ƙasa da shekara biyar kaza. To a nan take, adadi a cikin gurbi. Takardar haihuwa babu, domin Wisconsin ma ba ta zama jiha ba sai 1848. A ƙidayar 1850 aka fara rubuta sunan kowane ɗa a gida. Na ce ɗa, domin bayi ba su shiga ba. Su an jera su ne a wata takarda dabam ƙarƙashin sunan ubangijinsu, da shekaru da jinsi da launin fata, babu suna, har sai 1870 bayan an soke bauta. Duk wahalar da na sha wajen neman Caroline, wanda yake neman kakarsa baƙar fata da ta yi noman auduga a Mississippi a wancan zamanin ya fi ni shan wuya nesa ba kusa ba.

Sai matsalar suna. A wurinmu mace na zama da sunanta da na mahaifinta har ta koma ga Mahaliccinta, amma a can da an ɗaura aure sai ta ajiye sunan gidansu ta ɗauki na miji. An haifi Caroline da sunan Quiner. Mahaifinta, Henry Quiner, ya rasu a haɗarin jirgin ruwa a tafkin Michigan tana ƙarama, mahaifiyarta Charlotte ta auri wani manomi, Frederick Holbrook, saboda haka maigidan da ake nema a shekarun 'yanmatancinta Holbrook ne. Ranar 1 ga Fabrairu 1860 ta auri Charles Ingalls, ta koma Ingalls. A ƙidayar 1870 kuma mai ƙidaya ya rubuta abin da kunnensa ya jiye masa: Ingles. Wanda ya buga sunan daidai a kwamfuta yana jiran ta kawo masa shi, zai iya wuce gidan bai sani ba. Abin da ke taimakawa shi ne bin dangi gaba ɗaya maimakon mutum ɗaya. Gidajen Quiner da Ingalls sun yi auratayya har sau uku: wan Caroline, Henry, ya auri Polly Ingalls, ƙanwarta Eliza kuma ta auri Peter Ingalls. Inda ka ga ɗaya daga cikinsu, duba shafin gaba da na baya.

Takardar 1870 ɗin nan ta koya mini abin da ban zata ba. Ta nuna iyalin a gundumar Montgomery ta jihar Kansas, an rubuta sana'ar Charles kafinta. Na shiga neman takardar mallakar gonarsu ta can, babu ita, kuma ba ɓata ta yi ba. Ƙasar ta ƙabilar Osage ce a lokacin, Turawa ne suka kwararo suka kafa bukkoki a kai ba tare da izini ba, suna jiran gwamnati ta tashi masu ƙasar. Ba a yi wa mutum takarda a kan abin da ba nasa ba. Rashin takardar ya faɗi gaskiyar da wata takardar ba za ta faɗa ba, kuma gaskiya ce marar daɗi game da iyalin da na fara ƙauna. Masu binciken yankin sun gano inda bukkar take ne ta hanyar bin jerin gidajen da mai ƙidaya ya shiga ɗaya bayan ɗaya, suka duba maƙwabtan da suka zauna har suka sayi filayensu daga baya. Cikin maƙwabtan akwai wani likita baƙar fata, George Tann, wanda ya yi wa iyalin magani lokacin da zazzaɓi ya kwantar da su. A 1871 suka koma Wisconsin.

Wurin da na fi daɗewa shi ne gurbin sana'a. Umarnin da aka ba masu ƙidaya a 1870 ya ce matar da ke hidimar gidanta ba tare da albashi ba a rubuta mata kula da gida. Kalmomi biyu ne da Turanci, kuma da su aka rufe miliyoyin mata. To amma daga 1850 zuwa 1880 akwai wata takarda ta daban da ake cikawa game da gonaki: eka nawa, dawaki nawa, shanun tatsa nawa, alkama nawa aka girbe, man shanu laba nawa aka kaɗa, cuku nawa. A 1880 aka ƙara kaji da dozin nawa na ƙwai aka samu. Duka a ƙarƙashin sunan mai gona. Wa ke tatsa da asuba, wa ke kaɗa nono, wa ke kiwon kaji? A gonakin Arewacin Amurka na wancan zamanin yawanci aikin mata ne, kuma da man shanun da ƙwan ake zuwa kanti a karɓo sukari da gishiri da yadi, musamman a shekarar da hatsi bai yi ba. Tun daga nan, in na buɗe irin wannan takardar, gurbin man shanu nake fara dubawa, domin can ne hannun matar gida yake fitowa da alƙaluma, ko da yake sunan wani ne a saman layin.

Doka ce ta tsara hakan, ba sakacin magatakarda ba. A tsarin da Amurka ta gada daga Ingila, matar aure ba ta da tsayuwar kanta a gaban shari'a, dukiyarta na komawa hannun miji. Jihohi sun fara sassauta wannan ɗaya bayan ɗaya, Mississippi a 1839, New York a 1848. Dokar rabon filayen noma ta 1862 ta ba duk wanda ya kai shekara 21 ko yake riƙe da gida damar karɓar eka 160, wajen hekta 65, in ya zauna ya noma shekara biyar. Budurwa na iya nema, gwauruwa ma haka, amma matar da mijinta ke raye a gida galibi ba ta da wannan damar. Charles ya yi rajistar filinsa kusa da De Smet a Fabrairun 1880. Shekarun zaman da doka ta nema, Caroline ma ta yi su a cikin ɗan akurkin katako tare da 'ya'yanta mata, ɗaya makauniya, amma takardar mallaka da sunansa ta fito. Inda mace ke yawan bayyana shi ne ranar sayar da gona. Tana da haƙƙin cin moriyar sulusin ƙasar miji in ya riga ta rasuwa, don haka mai saye ba ya yarda sai ta sa hannu ta yafe wannan haƙƙin, a jihohi da dama ma sai an keɓe ta an tambaye ta ko tilasta ta aka yi. Na riƙe wannan sosai: mai neman sunan matar wani manomi ya nemi takardar ranar da ya sayar, ba ta ranar da ya saya ba.

Akwai yaro ɗaya. In ka jera ƙidayar 1870 da ta 1880, za ka ga Mary, Laura, Carrie, sai Grace da aka haifa a 1877. Lissafi ya fita tsaf, 'ya'ya huɗu, duka mata. Amma tsakanin Carrie da Grace shekara kusan bakwai ce, kuma malamarmu ta sha gaya mana cewa in tazarar haihuwa ta yi tsawo haka a gidan manomi na wancan ƙarni, a tsaya a bincika. Ranar 1 ga Nuwamba 1875, a Walnut Grove ta jihar Minnesota, Caroline ta haifi ɗa namiji, Charles Frederick, ana kiransa Freddie. Ya rasu ranar 27 ga Agusta 1876 a gonar Peter da Eliza, yana wata tara. Ya zo bayan ƙidaya ɗaya, ya tafi kafin ta gaba, don haka gwamnatin tarayya ba ta taɓa ƙirga shi ba. Laura ma ba ta sa shi cikin littattafan da ta rubuta wa yara ba. Har yau ba a san takamaiman inda kabarinsa yake ba. Shi kaɗai ne ɗanta namiji.

Ka duba shekarun da abin ya faru. Daga 1873 zuwa 1877 fara ta yi ta sauka a yammacin Minnesota tana cinye amfanin gona ƙurmus. Gonar alkamarsu ta tafi, Charles ya taka da ƙafa zuwa gabas neman ƙodagon girbi, ya bar ta da ciki da yara uku. A ƙarshen 1875, jaririn bai daɗe da zuwa ba, ya je gaban hukumar gunduma ya yi rantsuwa a rubuce cewa ba shi da komai, aka ba shi tallafin garin alkama. Wannan takardar tana nan, kuma ba ta ambaci Caroline ba, amma duk wanda ya ajiye ta kusa da ranar haihuwar Freddie ya san wace ce ke jego a gidan da gari ya ƙare. Bayan rasuwar yaron suka wuce Burr Oak ta jihar Iowa suka yi aiki a wani masauki, ita ce a madafa. A 1879 Mary ta makance tana shekara 14. Duk wannan ya auku tsakanin layuka biyu na ƙidaya da suka ce sana'arta kula da gida.

Ƙidayar 1900 ta yi wa mata tambayar da ta shafe su kai tsaye: 'ya'ya nawa kika haifa, nawa ke raye? Ga Caroline amsar ita ce biyar, huɗu. Ga dubban iyalai, waɗannan gurabe biyu su ne kaɗai shaidar cewa an taɓa haihuwar wani yaro. Na karanta shafuka da yawa na wannan shekarar ina bin guraben da ido kawai, kuma ban taɓa iya yin hakan da sauri ba. Ƙidayar 1890, wadda da ta cike giɓin shekara ashirin, mafi yawanta ta lalace a gobarar da ta tashi a ginin ma'aikatar kasuwanci a Washington a Janairun 1921.

A ganina kuskuren da ya fi yawa a irin wannan aikin shi ne cike giɓi da zato mai daɗin ji. Mutum ya ga an rasa yaro sai ya rubuta yadda uwar ta ji, ya sa mata magana a baki. Ban yarda da wannan ba, domin Caroline ba ta ba ni izinin yin magana a madadinta ba. Abin da nake da iko da shi shi ne in jera ranaku kusa da juna, in faɗi abin da fara ta yi, in faɗi abin da doka ta ce, in bar mai karatu ya ga nauyin da kansa. A rahotona na raba abin da takarda ta faɗa ƙarara da abin da na hakaito daga haɗa takardu biyu, kowanne da alamarsa. Na kuma daina ɗaukar takardar hukuma a matsayin wadda ta fi ta gida inganci kai tsaye. A gidajen Amurkawa na lokacin akan rubuta haihuwa da aure da mutuwa a shafukan tsakiyar Baibul na iyali, kuma wanda ya rubuta yana nan lokacin da abin ya faru, sabanin mai ƙidaya da ya tsaya a bakin ƙofa na 'yan mintoci. Baibul ɗin gidan Ingalls ne ya adana cewa a gundumar Montgomery aka haifi Carrie.

Charles ya rasu a 1902. Caroline ta ƙara shekara 22 a gidan da ya gina a cikin garin De Smet, tana kula da Mary, ta rasu ranar 20 ga Afrilu 1924 tana da shekara 84. Ta taɓa koyarwa a makaranta tun tana 'yar shekara 16, ta iya rubutu sarai, amma abin da ya rage da hannunta kaɗan ne. A 1925, shekara guda da rasuwarta, Laura ta rubuta wa yayar mahaifiyarta, Martha Carpenter, tana roƙon ta ba ta labarin ƙuruciyarsu a Wisconsin, har da yadda ake yin wani soyayyen abin maƙulashe da uwar ke yi musu. Martha ta haura tamanin a lokacin, ta zauna ta rubuto dogayen wasiƙu, ta ba da labarin ƙuncin da suka shiga bayan tafkin ya ci mahaifinsu. Mafi yawan abin da aka sani game da shekarun da Caroline take 'yar gidan Quiner daga waɗannan wasiƙun ya fito, kuma su ma na bi su da irin tambayoyin da na yi wa ƙidaya: wa ya rubuta, don wa, kuma shekara nawa bayan faruwar abin.