Kwalliyar mota a Maraɗi: janti, fenti da gilashi

Kafin mutum ya buɗe ƙofa ya yi sallama, motarsa ta riga ta gabatar da shi. Alhajin kasuwa da farar Hilux, ma'aikaci da Corolla mai ruwan azurfa, saurayi da baƙar Camry mai janti (ƙarfen da taya ke zaune a kai) na sheƙi, kowa da abin da yake son a karanta a jikinta. Babu laifi a ciki. Matsalar ita ce yawancin kwalliyar da ake kwaikwayo daga hotunan intanet an tsara ta ne don garuruwan da ba su san yashinmu ba, ba su san ranar Afrilu da Mayu mai wuce digiri 40 ba.

Janti ne ya fi cin kuɗin samari, shi ne kuma ya fi jawo musu nadama. Duba rubutun gefen tayarka. In ka ga 195/65 R15, faɗinta milimita 195 ne, tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari na faɗin, wato kusan milimita 127, janti kuwa inci 15. Wannan gefen shi ke shanye duka idan ka faɗa rami. Ka koma 205/55 R16, gefen ya dawo 113, tsayin tayar gaba ɗaya bai canza ba sai ɗan kaɗan, mota ta ƙara kyau kuma ba ta wahala. Amma 215/45 R17 gefenta 97 ne kawai. A kwaltar cikin gari za ta burge, sai dai ranar da ka ɗauki hanyar ƙauye ko ka gamu da ramin da damina ta haƙa, taya za ta yi ƙari a gefe, janti ya lanƙwashe ko ya tsage, dukan kuma ya wuce kai tsaye zuwa ƙafar mota. A yashi ma siririn gefe ba ya barin ka rage iska don ka fita. A ganina, ga ƙaramar mota a nan, inci 16 shi ne iyaka. Kada bambancin tsayin sabuwar taya da ta asali ya wuce kashi 3 cikin ɗari, in ba haka ba agogon gudu zai riƙa yi maka ƙarya.

Sai ramukan noti. Camry tana da biyar a kan da'irar milimita 114.3, Corolla ƴar Amurka daga 2003 biyar a kan 100, Peugeot 206 huɗu a kan 108. Ido ba ya raba waɗannan da kyau, kuma akwai masu matsawa da ƙarfi su ce ya shiga. Jantin da aka tilasta shi ke sa sitiyari rawa, shi ke karya ƙusoshi. Notin jantin Toyota na asali mai washa ne shimfiɗaɗɗe, yawancin na kasuwa kuwa mai tsini suke so, don haka ka sayi janti tare da notinsa. In tayar ta hannu ce, nemi lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke gefenta: 2319 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Zanen taya na iya zama sabo alhali robar ta tsufa, zafin kwalta kuwa ba ya yafe wa tsohuwar roba.

Baƙar mota akwai kwarjini, wannan ba gardama. Amma a hunturu, ka wanke ta da safe, kafin azahar ana rubutu da yatsa a kanta. Abin da ke kashe fentin shi ne goge ƙura da busasshen tsumma, domin ƙurar yashi ce, kowane shafi kuma karce ne. A fara kwarara ruwa, a wanke daga sama zuwa ƙasa a inuwa, da tsumma dabam na taya. Omon wanki yana cinye ƙyalli. Wanda zai sake fenti ya duba lambar launi a takardar da ke jikin ginshiƙin ƙofar direba: a Toyota 040 fari ne, 202 baƙi. Ya guji fesa fenti a fili ranar da iska ke tashi. Ya kuma hana a cika lotsawa da mastik mai kauri, domin wata rana zai tsage. A buge ƙarfen ya miƙe tukuna. Maganaɗisu ba ya kama inda mastik ya yi yawa, dabarar da ke amfani wajen sayen mota ma.

Baƙin gilashi, wato baƙar ledar da ake liƙa wa gilashi, yana rage zafi, yana kuma ba iyali sutura. Mai arha rini ne kawai, bayan ƴan watanni ya koma shunayya yana kumbura. Bayan liƙawa kada a sauke gilashi har kwana uku. Na gaba a bar shi garau, na gefen direba ya zama mai haske, domin da dare amalanke ba ta da fitila, wasu ƴan kabu-kabu ma haka. Kuma a tambayi hukuma abin da aka yarda da shi kafin a kashe kuɗi.

Masu son kiɗa, wayar da ta tashi daga batir zuwa amfili (na'urar ƙara ƙarfin sauti) dole ta sami fis kusa da batir, kamar santimita 30. In babu, duk ranar da ƙarfe ya yanke robarta wuta ce. Wayar ta zama ta tagulla mai kauri, kada a haɗa ta da murɗawa da ledar liƙi. Kar a saurari kiɗa injin na kashe.

A ciki, rigar kujera ta roba tana ƙuna kamar tanda da rana, yadi mai kauri ya fi ta. Kwalbar turare kada ta zauna a kan tablo, wato allon gaban direba, in ta zuba tana narka robar. Rubutun baya, ko "Allah ya sa mu dace" ko sunan mahaifiya, a sa shi can sama ko ƙasan gilashi, a bar tsakiya don madubi ya ga hanya.