Yadi na 18: inda aka yi ƙetar alƙali ke dubawa, ba inda ɗan wasa ya faɗi ba

Yawancin gardamar da ake tafkawa kan fenariti daga wuri ɗaya take tasowa. 'Yan kallo suna bin inda ɗan wasa ya zube, shi kuwa alƙali inda aka taɓa shi yake nema. Idan mai tsaron baya ya sa wa ɗan gaba ƙafa taku ɗaya kafin layin yadi na 18, ya yi tangal-tangal ya je ya faɗi a ciki, bugun tazara ne kawai. Amma layin kansa, wanda kaurinsa ba ya wuce santimita 12, a cikin yadi na 18 ake lissafa shi, don haka ƙetar da aka yi a kansa fenariti ce. Riƙo ne ya fita daban: in aka cafki rigar ɗan wasa tun daga waje, ba a sake shi ba har ya shiga ciki, fenariti za a busa.

Awon wurin mita 16.5 ne daga cikin kowane turke zuwa gefe, haka ma zuwa cikin fili, ɗigon fenariti kuma mita 11 daga layin raga. Bakan nan da ke gaban yadin ba ya cikinsa. Amfaninsa ɗaya, ya nisanta sauran 'yan wasa mita 9.15 daga ɗigon lokacin bugu. Gola ba shi da ikon kama ƙwallo a can.

Shi ma golan, ba ƙafarsa ake dubawa ba, inda ƙwallon take sa'ad da hannunsa ya taɓa ta ake dubawa. A cikin yadinsa kuwa, laifin hannu ba ya jawo masa fenariti. Tun 1992, in ɗan wasansu ya mayar masa da ƙwallo da ƙafa da gangan ya kama, bugun tazara ake bayarwa, irin wanda sai wani ya taɓa ƙwallon kafin ta zama ci. Daga 2025 kuma, in ya riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa 8, bugun kwana ake bai wa abokan hamayya, alƙali yana ƙirga biyar ɗin ƙarshe da yatsunsa a sama. Wannan gyara ya yi kyau, domin tsohuwar dokar daƙiƙa 6 kusan babu alƙalin da ke aiki da ita.

Batun kati ya fi rikita mutane. Kafin 2016, wanda ya hana cin da ya tabbata ta hanyar ƙeta a cikin yadi yakan kwashi hukunci uku: fenariti, jan kati, da dakatarwa. Yanzu alƙali yana tambayar kansa, ƙwallo mutumin ya nema ya kuskure? In haka ne, fenariti da katin gargaɗi sun wadatar. In kuwa riƙo ne, ko jan riga, ko turi, ko kuma ba shi da wata hanyar kaiwa ga ƙwallon, jan katin yana nan daram. Wanda ya sa hannu da gangan ya tare ƙwallon da za ta shiga raga, shi ma waje zai yi.

Wajen bugun fenariti, dole gola ya fuskanci mai bugu, kuma aƙalla wani ɓangare na ƙafarsa ɗaya ya kasance a kan layin raga, ko a saitinsa, ko a bayansa lokacin da aka taɓa ƙwallon. In ya fito da wuri ya tare, a sake bugu, a ja masa kunne da baki, in ya maimaita a ba shi kati. Mai bugu yana iya jan ƙafa ko tsaitsayawa a cikin gudunsa, amma in ya iso gaban ƙwallo ya yi kamar zai buga don ya yaudari gola, katin gargaɗi ne, ko ta shiga ba a ci ba. In ƙwallo ta daki turke ta dawo masa ba wanda ya taɓa, ba shi da ikon sake bugawa. In daga hannun gola ta dawo, ya halatta.

Taɓi biyu na kuskure ya samu sabon bayani bayan abin da ya faru da Julián Álvarez na Atlético Madrid a Maris 2025, inda ya zame a bugun raba gardama da Real Madrid, ƙwallon ta taɓa ƙafafunsa biyu, aka soke cin. Hukumar IFAB mai tsara dokokin wasan ta fayyace cewa in kuskure ne kuma ƙwallon ta shiga, sake bugu za a yi. In ba ta shiga ba, a cikin wasa bugun tazara ne ga masu tsaro, a bugun raba gardama kuma an ɓarar ke nan.