Inda muke fitar da karnuka a Garwa

Sana'armu kula da karnukan mutane ce. Ni da yarana muke wanke su, mu cire musu kaska, mu kai su wajen likitan dabbobi, sannan mu fita da su su motsa jiki. Yawancinsu karnukan gadi ne na 'yan kasuwa da ma'aikata a unguwannin Plateau da Marouaré a nan Garwa, arewacin Kamaru, sai na baƙi masu aiki da ƙungiyoyin agaji. Wanka da magani ba su da wuya. Abin da ke cin ƙarfinmu shi ne samun inda za a kai kare ya yi gudu ba tare da an ɓata wa kowa rai ba, don garin nan ba shi da filin da aka ware wa karnuka.

Bakin kogin Binuwai ne babban wurinmu, amma sai da rani, lokacin da ruwa ya ja baya ya bar rairayi mai faɗi. Bayan asuba muke zuwa, mu dawo kafin rana ta ɗaga. A watan Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, yashi ya yi zafin da zai ƙona tafin ƙafar kare. Nakan ce wa yarana su ɗora bayan hannu a ƙasa, in ba su iya jurewa ba, to kare ma ba zai iya ba. Kuma ba ma barin kare ya shiga ruwa mai zurfi. Akwai dorina a kogin nan, har kusa da gada ana ganinsu, masunta ne ke faɗa mana inda suka kwana. Da damina kuwa, musamman idan an saki ruwa daga madatsar Lagdo, gaɓar takan nutse gaba ɗaya, sai mu koma hanyoyin duwatsun Tinguelin. Can ma da nasa aikin, ƙarangiya takan cika gashi, sai an zauna an tsince ta ɗaya bayan ɗaya.

Baƙi sukan tambaye ni ko za su tafi da karensu gandun dajin Binuwai ko na Bouba Ndjida. Ina hana su. Wurin namun daji ne, ba a shiga da dabbar gida.

Amma abin da na fi koya wa duk yaron da ya zo aiki wurina shi ne mutane. Bakin kogi yana da masu shi: mata masu wanki, masu lambun albasa, Fulani masu shayar da shanu, da dattijon da ya sauko yin alwala. Malamanmu sun ce an halatta ajiye kare don gadi da kiwo da farauta, duk da haka mutum yana da haƙƙin kada kare ya shinshini rigarsa ko ya sa baki a ƙwaryarsa. Shi ya sa kafin mu fara bin sabon wuri nake zuwa da kaina in gai da jauro, wato mai unguwa, in ce: "Ranka ya daɗe, ga abin da muke yi, ga lokacin da za mu riƙa wucewa." Igiya ba ta barin wuyan kare sai mun yi nisa da jama'a, mai faɗa kuma da takunkumi yake fita. Kashinsu muna kwashewa.

Sharaɗi ɗaya ne ba na sassautawa ko da Alhajin da ya fi kowa biya ne: sai na ga katin rigakafin haukan kare, kuma allurar ba ta wuce shekara ba. Ciwon nan idan alamunsa suka bayyana a jikin mutum ba a tsira, kuma yara ne suka fi kusantar karnuka a hanya. Wanda bai da kati, mu raka shi wajen likita tukuna, bayan nan a sa karensa cikin jerin masu fita da safe.