Dokar da Take Tsayawa a Ƙofar Zaure

A daminar bara, a wani ƙauye da ke maƙwabtaka da namu a ƙasar Birnin Kudu, wani magidanci ya yi wa yarinya 'yar shekara takwas mai tallan gyaɗa fyaɗe. Kafin sallar isha'i dattawa sun hallara a zaure, aka ba uban haƙuri, aka ce masa, "Malam, a rufa wa juna asiri, ai duk gida ɗaya ne," aka miƙa masa ɗan kuɗin magani, magana ta mutu a nan. Babu wanda ya nemi jin ta bakin uwar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne akwai doka. Tun 2003 gwamnatin tarayya ta kafa dokar kare haƙƙin yara, sai dai jihohinmu sun daɗe ba su karɓe ta ba. A 2021 Gwamna Muhammad Badaru Abubakar ya sa hannu a dokar hana cin zarafin jama'a, wadda ta tanadi hukuncin kisa ga wanda ya yi wa yaron da bai kai shekara 10 ba fyaɗe, a ƙarshen shekarar kuma ya amince da dokar kare yara ta Jigawa. Kano ta bi sahu a 2023.

Amma alƙali da shaida yake aiki, mu kuwa da hannunmu muke shafe ta. Uwa cikin ruɗewa da tausayi takan yi wa 'yarta wanka da ruwan zafi, ta wanke tufafinta, ba tare da sanin cewa abin da likita zai duba ke nan ba. Maganin rigakafin cutar ƙanjamau ma sai an fara shan sa cikin awa 72, alhali kwana ukun nan a kai-da-kawowar sulhu suke ƙarewa. Akwai cibiyar kula da waɗanda aka ci zarafinsu a Babban Asibitin Dutse, akwai cibiyar Waraka a Kano, amma mutanen karkara ƙalilan ne suka san da su.

Ina girmama dagatai da limamai, domin sulhunsu ya kashe rigingimun gona da na aure masu yawa, amma fyaɗe laifi ne da ba su da hurumin yafe shi a madadin yarinya. Mutumin nan har yau yana zama a majalisarsa ta bakin kasuwa, ƙanwar yarinyar kuma ita ce yanzu take wucewa ta gabansa da farantin gyaɗa.